Santsi a Kwale-kwalen Haɗejiya: Me Ya Kamata a Shimfiɗa, kuma a Ina?

Daga tsakiyar damina zuwa ƙarshen kaka, kwale-kwale ne motar ƙauyuka da dama a ƙasar Haɗejiya. Da shi ake fito da mara lafiya daga garuruwan Guri da Kiri Kasamma idan ruwa ya cinye hanya, da shi ake kwaso shinkafa daga gonar da ambaliya ta kewaye, da shi kuma masunta ke shiga fadamar Baturiya tun da asuba. Idan aka tashi maganar hatsarin waɗannan jirage, abin da ake ambata shi ne lodi fiye da ƙima, da ruɓewar katako, da rashin rigar kariya daga nutsewa. Duk gaskiya ne. Amma akwai wani abu da ba ya shiga labaran rediyo saboda ba ya halaka mutum ashirin a lokaci guda, wato santsi. Shi ne ke kayar da mai tuƙi cikin ruwa da gwangwala a hannu, shi ne ke sa mace mai goyo ta zame yayin shiga jirgi ta kamo bakinsa da dukkan nauyinta.

Mutane sun rabu kan maganin abin. Wasu na ganin roba ita ce magani ko wace iri ce. Wasu na ganin duk abin da ya fi kaushi ya fi kyau. Wasu kuma na ganin sai an sayo irin kayan da ake liƙa wa jiragen ƙasashen waje. Kowanne daga cikin ukun yana da gefen gaskiya, kuma kowanne yana iya jawo asara idan aka bi shi ido rufe.

Kalmomin da za a riƙa cin karo da su

Bakin jirgi shi ne katakon da ya zagaye saman gefen kwale-kwale, wanda fasinja ke dafawa ko tsallakewa. Goshin jirgi da bayansa su ne ƙarshen biyu, inda mai tuƙi ko mai jefa birgi ke tsayawa. Riƙo kuwa shi ne ƙarfin kamun da ke tsakanin tafin ƙafa da abin da aka taka. Idan ya yi ƙaranci sai a ce wurin ya yi santsi.

Katamaran jirgin ruwa ne mai ciki biyu, kamar a jera siraran jirage biyu a haɗa su da ƙarafa, a shimfiɗa abin zama a tsakani. Irin na wasanni iska ce ke tura shi ta hanyar babban ƙyalle da ke ɗaure a doguwar sanda. Faiba kuma ita ce haɗin zaren gilashi da wani irin ƙaro na masana'anta, wanda idan ya daskare yake zama jikin jirgi mai sulɓi, mara nauyi, wanda ba ya ruɓewa. EVA sunan wani soso ne na roba. Wanda bai san sunan ba ya san abin, domin da shi ake yin yawancin silifa marasa nauyi da ake sayarwa a kasuwa.

Yadda kogin ya sauya aikin mai tuƙi

Kogin Haɗejiya haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa. An kammala dam ɗin Tiga a kan na farko a 1974, na Challawa kuma a 1992. Kafin nan, ruwa kan zo da ƙarfi da damina, ya ja baya da rani har ƙoramu da yawa su ƙafe. Bayan gina madatsun, ruwan da ake saki domin noman rani ya sa wurare da dama ba sa bushewa duk shekara. Wannan ne ya buɗe wa kachalla hanya, ciyawar nan da ta toshe magudanai tare da rairayi da laka, har mafi yawan ruwan ya karkata ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru.

Wannan tarihi ya shafi tafin ƙafar mai tuƙi kai tsaye. Jirgin da ba ya fita daga ruwa ya sha rana, gansakuka ce ke kama katakonsa. Sannan ratsa kachalla ba aikin filafili ba ne, aikin gwangwala ne ko gora: mutum ya tsaya a bayan jirgi, ya kafa sanda a laka, ya tura da dukkan jikinsa. Duk ƙarfin da hannu ya sa wa sandar, ta ƙafa yake bi ya shiga jirgin. Idan ƙafar ba ta sami riƙo ba, jirgi ya tafi, mutum ya bi sanda.

Abin da ke kawo santsi

Busasshen katako ba shi da santsi. Jiƙaƙƙen katako mai tsabta ma bai cika kayar da mai tafiya ba takalmi ba. Matsalar tana farawa ne idan wani abu ya shiga tsakanin fata da katako ya ƙi fita. A jiragen Haɗejiya abubuwan nan sanannu ne: lakar fadama mai danƙo da fasinja ke shigowa da ita a ƙafa, yauƙin tarwaɗa da gaiwa, gansakuka, man injin da ya zuba a jirage masu inji, da kuma baƙin man da wasu ke shafa wa katako don ya daɗe.

Hanya biyu ake bi a yaƙi wannan. Ko dai a samar da ƙananan tsinaye da za su huda ruwan su taɓa fata, ko kuma a samar da kwari-kwarin da ruwan zai bi ya gudu idan an taka. Kamar tayar mota ne: mai zane tana kama jiƙaƙƙen titi, wadda ta suɗe kuwa sai ta yi ta zamewa, alhali duk roba ɗaya ce. Da wannan hikima ne wani Ba'amurke mai suna Paul Sperry ya fito da takalmin jirgin ruwa a 1935, inda ya tsattsaga ƙasan robar da siraran layuka domin ruwa ya sami mafita. Saboda haka cewa "a sa roba" bai isa amsa ba. Robar da ba ta da zane, idan ta haɗu da yauƙin kifi, ta fi katako santsi.

Akwai kuma abin da ya bambanta kogi da teku. Ruwan teku yana wanke saman jirgi da kansa. Lakar Haɗejiya kuwa cike ramuka take yi. Duk abin da zanensa ƙanana ne ƙwarai, cikin yini ɗaya laka za ta shafe shi, ya koma sumul.

Darasin katamaran, da inda bai dace da mu ba

Babu masu jirgin da suka wahala da wannan tambaya kamar masu katamaran na wasanni. Hobie Alter na jihar Kalifoniya ya fito da Hobie 14 a 1968, daga baya Hobie 16 ya biyo, kuma har a gaɓar Legas ana tsere da irinsa. Idan iska ta yi ƙarfi, matuƙin wannan jirgi yakan maƙala ƙugunsa da wata waya da ta sauko daga sandar ƙyallen, ya kafa ƙafafunsa a kan ƙarfen alminiyon da ke gefen jirgi, ya miƙe jikinsa gaba ɗaya a saman ruwa domin ya hana jirgin kifewa. Rayuwarsa a wannan lokaci tana kan faɗin ƙarfen da bai kai tafin hannu ba.

Sun gwada abubuwa da yawa, kuma abin da suka gano yana da amfani. Kafet yana da riƙo, amma yana shan ruwa, yana tara yashi, yana ruɓewa. Tef mai yashi, irin Safety-Walk na kamfanin 3M, ya fi kowanne kama ƙafa, amma yana cin tufafi yana ɗaye fatar gwiwa da cinya. Robar niyofirin, wadda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1930, tana da laushi, sai dai rana na cinye ta kuma gefenta na saurin ɓaɓɓakowa. Shi ya sa da yawansu suka koma sosan EVA mai zane, irin na SeaDek da Hydro-Turf. Sun kuma yarda da abu ɗaya: rabin aikin yana wajen share wurin. Idan ba a kankare tsohon gam ba, aka goge maiƙo, aka bar wurin ya bushe ƙayau, komai tsadar abin da aka liƙa zai tashi.

To amma a nan ne kwaikwayo yake iya ɓatar da mutum. Gefen katamaran wurin tsayawa ne. Bakin kwale-kwale ba wurin tsayawa ba ne, kuma bai kamata a ƙarfafa wa kowa gwiwar taka shi ba, domin taka shi ne ke karkatar da jirgi. Aikinsa daban ne: hannu ke dafa shi, cinya ke gogarsa, buhu ke bi ta kansa, kuma mafi muhimmanci, ta kansa masunci ke janyo kalli da taru da birgi. Zaren komar yanzu na nailan ne siriri. Duk wanda ya liƙa tef mai yashi a bakin jirgin su, da kuɗinsa ya sayo abin da zai yayyaga masa koma.

Bambanci na biyu shi ne jikin jirgin. Alminiyon da faiba ba sa shan ruwa, ba sa kumbura. Katako kuwa yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Gam ɗin da ke bayan sosan EVA ba a yi shi don irin wannan motsi ba, balle katakon da ya sha baƙin mai. Na uku shi ne rana: a watannin Afrilu da Mayu zafi a wannan yanki yana haura digiri 40, kuma irin gam ɗin da masu gyaran takalma ke amfani da shi yana saki idan ya yi zafi sosai.

Kayan da ke hannu

Fenti da yashi shi ne ya fi dacewa da inda mai tuƙi ke tsayawa, kuma tsohuwar dabara ce da masu jiragen katako a sassan duniya suka daɗe suna yi. Ana samun yashi mai kaifi, a wanke shi ya rabu da ƙura, a shanya, a tankaɗe da rariya domin ƙwayarsa ta zama daidai. A kankare katakon har a kai ga lafiyayyen jikinsa, a bar shi ya bushe. A shafa fentin mai, a barbaɗa yashin tun fentin yana ɗanye, idan ya bushe a share wanda bai kama ba, sannan a sake shafa wani fentin a kai ya ɗaure shi. Shafa ta biyun ita ce ke rage kaifin yadda ƙafar da ba takalmi za ta iya jurewa. Lokacin wannan aiki shi ne bazara, kafin saukar ruwa, lokacin da za a iya jan jirgi tudu ya kwana biyu. Fari ko wani launi mai haske ya fi, saboda baƙi yana ƙona ƙafa da tsakar rana. Aibinsa shi ne yana gogewa, yana bukatar sabuntawa, kuma ba ya kama katakon da mai ya ratsa. Wanda ya shafa wa jirginsa baƙin mai sai dai ya kafa sabon guntun katako a wurin tsayawar, ya yi fentin a kansa.

Ga cikin jirgi, inda ruwa da laka da kifi ke taruwa, babu abin da ya kai dandamalin siraran katakai. Kafinta zai jera su a gicciye, ya bar tazarar kamar yatsa a tsakaninsu, ya haɗa su yadda za a iya ɗaga su gaba ɗaya. Ruwa da yauƙi su sauka ƙasa, ƙafa ta zauna a sama, yatsun ƙafa kuma su sami gefen da za su kama. Idan an dawo, a fitar da shi a wanke a jingine a rana. Ba ya bukatar gam, ba ya hana jikin jirgi shan iska, kuma kowane kafinta a Haɗejiya ko Auyo zai iya yin sa da ragowar katako. Sharaɗinsa biyu: ya zauna daram ba ya gudu, kuma kada ya yi tudu, domin duk abin da ya ɗaga mutane sama a siririn jirgi yana ƙara masa tangaɗi.

Tsohuwar taya ita ce abin da hannu ya fi saurin kaiwa, kuma a nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan. Gefen taya da aka yanka yana kare bakin jirgi daga bugun gaɓa, wannan amfani ne na gaske. Amma a matsayin maganin santsi tana da matsaloli. Tayoyin yanzu akwai wayar ƙarfe a cikinsu, wadda idan ta fito take yanka ƙafa. Ana kafa ta da ƙusoshi, kowace ƙusa kuwa ƙofa ce ga ruwa, kuma idan ta yi tsatsa ta ɗago kai, rauninta a ƙafar da ke cikin laka kullum ba ƙaramin abu ba ne. Babbar illar kuma ba a ganinta da ido: danshi yana maƙalewa a ƙarƙashin robar, katako ya ruɓe a ɓoye, sai ranar da aka yi lodi ya bayyana. Tif ɗin taya kuwa, wanda ba shi da zane ko kaɗan, ba shi da wuri a inda ake taka ƙafa.

Buhun algarara da tabarmar kaba suna da riƙo ko da sun jiƙe, kuma ba su da tsada. Shimfiɗa buhu a inda fasinja ke sa ƙafar farko dabara ce mai kyau idan an ɗaure shi, kuma ana ɗauke shi a shanya kullum. Buhun leda na taki ko na shinkafa akasin haka ne; zamewa yake yi a kan jiƙaƙƙen katako, ya tafi da wanda ya taka.

Shi bakin jirgi kansa, abin da yake bukata shi ne abin da hannu zai kama ba tare da ya ci koma ba. A jirgin fito, igiya mai kauri da aka bi gefen ciki da ita, ko aka naɗa a katakan zama, ta wadatar. A jirgin su, a bar bakin sumul, a goge shi ya rabu da sartse.

Jiragen faiba da hukumomi ke rabawa a yankunan da ambaliya ke shafa su ne inda darasin katamaran ya zauna daidai. Jikinsu sulɓi ne da shi idan ya jiƙe, ba a kafa musu ƙusa, kuma gam yana kama su da kyau. A kansu sosan EVA mai manyan zane ko fenti mai kaushi irin KiwiGrip yana aiki. Ya kamata mai sayen irin waɗannan jirage da kuɗin jama'a ya rubuta wannan cikin sharuɗɗan kwangila tun farko, domin yin sa a masana'anta ya fi sauƙi da inganci fiye da liƙe-liƙe a bakin kogi.

Masu cewa ba a bukata, da masu ɗora masa abin da ba zai iya ba

Tsofaffin masunta da yawa za su ce ƙafarsu ta san jirginsu, kuma iyayensu ba su shimfiɗa komai ba. Ba a raina wannan magana. Tafin ƙafar da ya saba, ba takalmi, yana jin motsin katako fiye da kowane takalmi, kuma masunci yana wanke jirginsa. Sai dai kwale-kwalen damina ba na masunta kaɗai ba ne. Yana ɗaukar 'yan mata masu zuwa aikin gona, da tsofaffi, da 'yan makaranta, da baƙi masu silifa da ta suɗe. Waɗannan ba su da ƙwarewar, kuma faɗuwar mutum ɗaya a jirgin da ya cika tana iya tafiya da kowa: ya kama baki, jirgi ya karkata, sauran su zabura gefe guda, ruwa ya shigo.

A ɗaya ɓangaren kuma, kuskure ne babba a ɗauka cewa gyara santsi ya gyara hatsari. Jirgin da ya kife a dam ɗin Watari na Bagwai a jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021, wanda ya ci rayukan fiye da mutum 20, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, lodi ne ya nutsar da shi, ba santsi ba. Haka yawancin labaran da ake ji daga Taura da Auyo. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta rigar kariya ta kuma hana tafiyar dare, kuma babu fenti ko soson da zai maye gurbin waɗannan. Abin tsoron ma shi ne mai jirgi ya ga ya yi gyara mai kyan gani, ya ji ya sami lasisin ƙara mutum biyar.

Yadda za a gwada kafin a kashe kuɗi

Ba sai an dogara da bakin mai sayarwa ba. A Jamus an fito da ma'aunin da ake kira DIN 51097, na wuraren da ake takawa a jiƙe ba takalmi, kamar gefen wurin ninƙaya. Mutum ne ke tafiya a kan allon da ake zuba wa ruwa mai ɗan sabulu, ana ɗaga gefe ɗaya a hankali har ya fara zamewa. Abin da ya riƙe shi zuwa karkatar digiri 12 yana matakin farko, digiri 18 na biyu, digiri 24 kuma mafi inganci.

Ana iya kwatanta wannan a bakin kogi. A sami katako mai tsawon mita 1, a yi masa irin shimfiɗar da ake son gwadawa. Ɗaga gefe ɗaya da kusan santimita 21 ya ba da digiri 12, santimita 31 ya ba da 18, santimita 41 ya ba da 24. A jiƙa shi da ruwan kogi, a shafa masa laka da yauƙin kifi, domin su ne abokan gabar na gaskiya, wani ya hau yayin da mutum biyu ke riƙe da hannayensa. Sannan a watsa masa bokitin ruwa a gani ko lakar za ta fita. Abin da ya riƙe ƙafa amma ya ƙi wankuwa, mako guda zai yi yana aiki. Irin wannan gwaji bai fi ƙarfin ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya ba, kuma sakamakonsa zai fi kowane tallan kamfani amfani ga kafintocin jirgi.

Abin da zai biyo baya

Idan aka bi hanyar liƙa roba a ko'ina, abin da za a girba nan da 'yan shekaru shi ne jirage masu ruɓaɓɓen ciki da ba a gani, da guntayen soso da suka ɓalle suna yawo a ruwan da kifi da tsuntsaye da shanu ke sha. Idan aka bi hanyar raba jirgi gida-gida, aikin zai tsaya a hannun kafintoci da masu fenti na gida, kuɗinsa kuma ba zai gagari mai jirgi ɗaya ba.

Hukuncin dai a taƙaice yake ga jirgin katako: fenti da yashi a goshi da baya, dandamalin da ake ɗagawa a ciki, igiya ga hannun fasinja, bakin jirgin su kuma a bar shi sumul. Kira ga sarakunan ruwa da shugabannin masu fito na Guri, Kiri Kasamma, Auyo da Haɗejiya shi ne su sa duba wurin taka ƙafa cikin abubuwan da ake dubawa kowace bazara, tare da ɗinkin katako da adadin mutanen da jirgi zai ɗauka, kafin ruwan Agusta ya iso.